Littafin aikina na awon ƙululun ƙamshi da na'urar MRI

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Takardar amincewar kwamitin ɗa'a, mai ba da izinin bincike a kan mutane, ta fito yau, bayan wata biyu da rabi ina sintiri. Alhamdu lillahi. Daga yau zan riƙa rubuta abin da ya gudana, don wanda zai bi wannan hanya bayana ya san inda ƙaya take.

A ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman tsakanin idanu, akwai wasu 'yan ƙululu biyu, dama da hagu, kowanne tsawonsa bai fi santimita ɗaya da 'yan kai ba. Ƙululun ƙamshi nake kiran su idan ina yi wa marar lafiya bayani. Suna kwance kan wani siririn ƙashi mai huji-huji kamar rariya, kuma ta hujojin nan zaren jijiyoyi ke haurowa daga can ƙuryar hanci. Duk abin da mutum ya shaƙa, daddawa ce ko turare ko iskar gas da ke zurara a kicin, nan saƙonsa ke fara sauka. Gani da ji sai sun yada zango a wata tasha ta tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamus kafin su wuce. Ƙamshi kuwa kai tsaye yake isa ɓawon ƙwaƙwalwa, dab da wuraren da ke riƙe da tuna baya da motsin zuciya. Shi ya sa ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko kan mai da mutum gidan kakarsa.

Abin da nake so in yi shi ne in yi amfani da MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, in auna girman ƙululun nan a jikin mutum 20 masu lafiya, da kuma waɗanda suka daina jin ƙamshi bayan buguwa a kai. Irin waɗannan ba su da wuyar samu a asibitinmu, hatsarin babur ya ishe mu. A ɗinke rauni, a sallami mutum, sai bayan wata biyu ya dawo yana cewa abinci ya zama kamar ƙasa a bakinsa, a ce masa ya gode wa Allah da ya tsira. Ya kamata ya gode. Amma abin da ya rasa ma gaskiya ne, kuma ana iya ganinsa a hoto.

Alhamis, 9 ga Janairu

Ni na fara kwanciya a cikin na'urar, don bai kamata in sa mutum a inda ban shiga ba. Tamu mai ƙarfin tesla 1.5 ce, wato maganaɗisunta ya ninka na doron ƙasa kusan sau 30,000. Shi ke jera ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwan jiki, sai a buga musu igiyar rediyo mai kusan megahaz 64, suna komawa mazauninsu suna sakin wani ɗan amo, kwamfuta ta tattara ta mai da shi hoto. Ba ruwanta da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Ƙara dai sai wanda ya ji, kamar ana sassaƙa turmi a gefen kunnenka.

Hoton kai na yau da kullum ana yanka shi da kaurin milimita 5. Da na duba nawa, ƙululun ya fito a yanka ɗaya da rabi kacal, dishi-dishi. Ba abin da za a auna a nan. Babban mai ɗaukar hotonmu, wanda kowa ke ce wa Baba, ya zauna da ni bayan la'asar muka tsara wani salo na daban: yankan gaba-da-gaba, kaurin milimita 2, babu tazara tsakani, irin hoton da ake kira T2. A cikinsa ruwan ƙwaƙwalwa fari fat yake fitowa, ƙululun kuma toka-toka, kamar ƙwayar gyaɗa biyu a cikin nono. Na sake kwanciya. Wannan karon yanka shida ya kama su. Ƙarin minti shida ne kan kowane mutum.

Litinin, 13 ga Janairu

Lissafin kuɗi. Sashe ya yarda a caje ni naira 25,000 kan kowane ɗan sa-kai mai lafiya. Marasa lafiya kuwa da ma an rubuta musu hoton kai, ƙarin minti shidan kyauta ne. Buga takardun amincewa da Hausa da Turanci, 18,000. Ma'ajiyar hotuna, 95,000. Kuɗin mota 3,000 ga kowane ɗan sa-kai mai lafiya. Manhajar awon, ITK-SNAP, kyauta ake sauke ta.

Alhamis, 16 ga Janairu

Alƙaluman gwaji sun iso daga Jamus ta hannun wani abokin aiki, kuma su kaɗai sun cinye kusan rabin tallafin da na samu. Sunansu Sniffin' Sticks, Thomas Hummel da abokan aikinsa suka fitar da su a 1997. Kamar alƙalamin rubutu suke, amma ƙamshi aka ɗura a ciki a madadin tawada. Gwajin kashi uku ne, kowanne maki 16: mafi ƙanƙantar ƙamshin da hanci zai iya kamawa, bambance ƙamshi ɗaya daga cikin uku, da faɗin sunan ƙamshi. Jimilla 48. Wanda ya samu 16 ko ƙasa, ana lissafa shi cikin waɗanda ba sa ji.

Na gwada wa ma'aikata huɗu, nan take matsala ta bayyana. Tafarnuwa, kanumfari, kifi, ayaba, abarba, lemun tsami, fata, duk ba gardama. Amma a cikin goma sha shidan akwai tuffa, da wata saiwa mai zaƙi da Turawa ke yin alewa da ita, da man da ake tsinka fenti. Wata mai shara da ke iya gane an ƙona miya daga hawa na biyu ta faɗi uku a jere. Hancinta lafiya lau, sunayen ne ba na duniyarta ba. Idan na bar shi haka, zan rubuta wa lafiyayyu rashin lafiya.

Na kai wa malamina maganar. Ya ce kada in taɓa alƙaluman, in fassara zaɓin amsoshin in haɗa da hotuna, sannan in fi jingina da kashi biyun farko, tunda su ba sa bukatar sanin suna.

Talata, 21 ga Janairu

Hazo ya sauka sosai. Cikin 'yan sa-kai biyar da suka zo, uku na fama da mura. Ɗaya ya dage cewa kwana biyu ne kawai, sai na duba hancinsa na ga ya toshe ta ɓangarorin biyu. Na ba su kuɗin mota na ce sai bayan mako uku. Asarar 9,000, kuma laifina ne da ban tambaya ta waya ba tun kafin su taso. Na ƙara a takardar gayyata: ban da mai mura, kuma kada a ci goro, kada a sha taba ko shayi gab da zuwa.

Asabar, 25 ga Janairu

Mutum uku, duka sun yi kyau. Jimilla biyar.

Laraba, 29 ga Janairu

Yau na samu marar lafiya ta farko, kuma tun da ta fita take raina.

Dattijuwa ce, sana'arta haɗa turaren wuta da humra, shekara sama da ashirin. Wata biyar da suka wuce ta faɗo daga kan babur, ƙeyarta ta bugi kwalta. Ba ta karye ko'ina ba. Sai da ta koma gida ta buɗe kwalbar humrar da ta jiƙa kafin hatsarin, ta kai hanci, shiru. Ta ce ta ɗauka kwalbar ce ta lalace, ta buɗe ta biyu, ta uku. Yanzu 'yarta ke sansana mata tana auna kayan haɗi da ido. "Ɗana," ta ce, "masu saye ba su ce komai ba, amma na san ba hannuna ba ne."

Buguwar ƙeya ta fi yin wannan ɓarnar. Kai ya tsaya cak, ƙwaƙwalwa ta zame a cikin ƙoƙo, sai bakin hujojin ƙashin rariyar ya tsinke zaren jijiyoyin kamar an ja zare a bakin reza.

Kafin shiga mun cire fil ɗin mayafi, 'yan kunne, da wata laya mai ɗaurin waya. Maganaɗisun ba ya mutuwa ko an ɗauke wuta, wannan kullum sai na maimaita. Hoton farko ya fito da baƙin tabo a gefen idanu, ya taɓo daidai inda nake nema. Baba ya leƙa allo ya ce, "Kwalli ne." Wasu kayan kwalliyar ido na ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe, shi ke karkatar da maganaɗisun a wurin. Wata ma'aikaciyar jinya ta taimaka mata ta wanke, muka sake. Na ji tsoron haƙorinta na Makka, amma bai kawo cikas ba.

Makinta 11 cikin 48, abin da mai kintace kawai ma zai iya samu. Ƙululun dama ya tsuke, na hagu da ƙyar na raba shi da tabon da ke kewaye. Ta tambaye ni ko zai dawo. Na ce, "Hajiya, ki ba ni lokaci in auna da kyau, in nuna wa malamina."

Litinin, 3 ga Fabrairu

Na'ura ta tsaya. Na shigo da safe na ji ɗakin tsit. Duk wanda ya saba da ɗakin MRI ya san wata 'yar tsuwwa da ba ta yankewa dare da rana, kamar kukan tsuntsu. Ita ce injin da ke riƙe da sanyin hiliyam, ruwan da wayoyin maganaɗisu ke nutse a ciki a sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. Wuta ta yi sama da ƙasa daren Asabar, famfon na'urar sanyaya ruwa ya ƙone, injin ya kashe kansa. Yanzu hiliyam na tsiyayewa kaɗan-kaɗan. Baba na rubuta ma'auninsa safe da yamma a jikin wani kwali da ya manna a ƙofa. Injiniya sai ya taso daga Legas da kayan gyara.

Na kira mutum bakwai na ɗage musu. Nawa mai sauƙi ne. Akwai masu ciwon baya da masu shanyewar jiki da suka kwana a hanya, aka ce su koma.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Tunda babu hoto, na zauna awo, kuma a nan na gamu da abin da ya fi lalacewar inji tayar mini da hankali.

Yadda ake yi: a kowace yanka ka zagaye bakin ƙululun da hannu a kan allo, manhaja ta ba ka faɗin, a ninka da kaurin milimita 2, a tara. Ranar Talata na auna ƙululun dama na wani matashi ɗan sa-kai, na samu kubik milimita 61. Ranar Asabar na sake buɗe hoton ba tare da na lura nasa ne ba, na samu 48. Hoto ɗaya, hannu ɗaya.

Bambancin ba ƙarami ba ne. A aikin da rukunin Hummel na birnin Dresden a Jamus suka buga a 2008, wanda ya zama abin kwatance, an sa iyakar lafiyayyen ƙululu a 58 ga wanda bai kai shekara 45 ba, 46 ga wanda ya haura. Ke nan ranar Talata na ce yaron nan lafiyarsa ƙalau, ranar Asabar na ce ƙululunsa ya tsuke. Da wane baki zan gaya wa Hajiya nata ya ragu?

Na bi diddigi na gano wuri biyu. Na farko ƙarshen ƙululun ta baya, inda yake sirancewa ya zama igiyar da ke wucewa ciki. Babu layi a wurin, ranar Talata na haɗa da yanka guda da na bari ranar Asabar. Na biyu hasken allo. Idan na ƙara shi bakin ƙululun sai ya shige ciki, idan na rage ya kumbura, domin ɗigon hoton da ke bakin iyaka rabinsa nama ne rabinsa ruwa.

Na sami malamina a ofis na ce, "Ranka ya daɗe, awona ba ya tsayawa wuri ɗaya." Bai yi mamaki ba. Ya ce, "Da ka ɓoye, da ranar kare aiki za a tono. Rubuta doka, ka bi ta ko ranka bai so." Dokar da muka tsayar: ƙululu ya ƙare a yankar da faɗinsa ya faɗi kwatsam, ita ba ta cikin lissafi. Ma'aunin haske ɗaya ga kowa, allo ɗaya, da safe kafin ido ya gaji. Wata abokiyar aiki za ta cire sunaye ta sa lambobi, don kada in san hoton wa nake dubawa, tunda idan na san mutum ba ya jin ƙamshi hannuna zai riƙa tsuke zagayen ba da sanina ba. Kowane hoto sau biyu, tazarar mako biyu. Ita ma za ta auna nata daban.

Duk awon da na yi a baya na goge.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Tsuwwa ta dawo. Hiliyam bai sauka inda za a ce sai an ƙaro ba. Kwana 11 suka tafi.

Laraba, 19 ga Fabrairu

An turo wani saurayi daga sashen masu kula da sinadaran jiki. Ya kusa ashirin, muryarsa ba ta buɗe ba, babu gemu, babu sauran alamun balaga. Likitar da ta gan shi ta yi masa tambayar da ba a taɓa yi masa ba: kana jin ƙamshi? Ya ce tun yana yaro yake ganin mutane na toshe hanci a bakin kwata, shi ma sai ya toshe don kada a ce masa wani abu.

A hotonsa, inda ya kamata in ga ƙwayar gyaɗa biyu, farin ruwa ne zalla. Tsagin da ke saman wurin, wanda a mai lafiya zurfinsa kan wuce milimita 8, shi ma ɗan lotsawa ne kawai. Wannan shi ne ciwon da Franz Kallmann ya bayyana a 1944. Tun jariri na ciki, ƙwayoyin da za su ba da umarnin balaga daga yankin hanci suke tasowa, su bi sawun jijiyoyin ƙamshi su shiga ƙwaƙwalwa. Idan hanyar ba ta ginu ba, abu biyun tare suke ɓata. Balagar tana da magani, ƙamshin ne babu. Ba ya cikin rukunin bincikena, amma rahotonsa na rubuta da hannuna. Mahaifinsa ya ce, "Likita, shekara nawa muna yawon magani, ashe abin yana da suna."

Laraba, 26 ga Fabrairu

Masu lafiya 13, marasa lafiya 4. Da sabuwar dokar, awona na farko da na biyu sun matso kusa, mafi yawa tazarar ba ta wuce 4 ba. Tsakanina da abokiyar aikina ta ɗan fi haka, kuma kullum nata ne babba. Za mu zauna mu duba yanka-yanka.

Wata ɗaliba cikin 'yan sa-kai ta ci maki 37, amma ƙululunta na cikin mafi ƙanƙanta da na gani. Na auna sau biyu, haka yake. Ta tuna mini da binciken Cibiyar Weizmann ta Isra'ila da ya fito a mujallar Neuron: sun ci karo da mata waɗanda MRI bai nuna musu ƙululu ko kaɗan ba, amma suna jin ƙamshi kamar kowa, kuma abin ya fi yawa cikin bahagwai. Saboda haka a rahotona ba zan taɓa ba da lambar girma ita kaɗai ba, sai tare da makin hanci. Na kuma ƙara tambaya a takarda: da wane hannu kake rubutu?

Litinin, 3 ga Maris

Azumi ya kama tun Asabar. Biyu daga cikin waɗanda na gayyata sun ce ba sa son shaƙar alƙalami da azumi a baki. Malamai sun bambanta hayaƙin turaren wuta da ƙamshi zalla, amma ba zan ja da kowa a kan ibadarsa ba. Ko ba wannan, yunwa na canza kaifin hanci, kuma waɗanda na gwada a baya duk a ƙoshe suke. Gwajin masu lafiya ya tsaya sai bayan Sallah. Awo zan ci gaba da shi.

Laraba, 12 ga Maris

Hajiya ta dawo tare da 'yarta. Na zaunar da su gaban allo na nuna musu nata kusa da na wata sa'arta mai lafiya. Gani ya kori ji. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To, ba ƙarya nake ba ke nan." Ashe a gida akwai masu cewa damuwa ce kawai.

Na gaya mata abin da ke nan. Ƙululun biyu sun ragu, na hagu ya fi. Jijiyoyin hanci na cikin 'yan kaɗan a jikin mutum da ke sake tsirowa har tsufa, amma sai sun sami hanya ta hujojin nan, kuma tabo kan toshe ta. Aikin Philippe Rombaux a Beljiyam ya nuna wanda ƙululunsa ya fi saura ya fi samun damar farfaɗowa, nata na dama kuwa da saura. Alkawari dai ban yi mata ba.

Sai ta kawo wani sabon abu. Mako biyu ke nan idan ana soya albasa tana jin wari kamar na ƙonanniyar roba, har ya kan hana ta buɗa-baki. Ita tana ganin abin ya ƙara lalacewa. Na ce mata sau da yawa haka kan faru idan wasu zaren sun fara haɗuwa amma saƙon bai cika ba, kuma daga shiru zuwa wannan motsi ne.

Likitan hanci ya ɗora ta kan horon da Hummel ya wallafa a 2009: ƙamshi huɗu, fure, lemun tsami, kanumfari da man turare na zaiti, a shaƙi kowanne na 'yan daƙiƙoƙi safe da yamma, aƙalla mako 12. Da azumi za ta yi bayan buɗa-baki da lokacin sahur. Na fara bayanin inda za a samo kwalabe, ta ɗaga hannu. "Ɗana, wannan kuma bar mini. Kanumfari buhu gare ni." Ta tambaya ko za ta iya ƙara humrarta ta zama ta biyar. Likitan ya ce ta ƙara.

Litinin, 24 ga Maris

Mun zauna da abokiyar aikina kan hotuna 17. Bambancinmu daga gefen ƙasa yake, inda ƙululun ke jingine da ƙashi: ita tana haɗa layin toka-tokan bakin, ni ina barin sa. Mun tsayar a bi tsakiyar layin, mun rubuta a doka, kuma za mu sake auna duka daga farko. Karo na uku ke nan gare ni.

Kuɗin da ya fita zuwa yau 486,000, ban da alƙaluma. Abin da ya rage zai ɗauki masu lafiya bakwai ɗin da suka saura, da ɗan canji. Bayan Sallah: a kammala su cikin Afrilu kafin zafi ya tsananta wa na'urar sanyaya, a nemi ƙarin marasa lafiya daga sashen tiyatar ƙwaƙwalwa, a rubuta wa kwamiti neman izinin ɗaukar hoto na biyu ga waɗanda ke horo. Alƙaluman suna da wa'adin lalacewa, na mai da su ɗakin da ya fi sanyi. Hajiya za ta dawo gwaji a makon farko na Yuni.